Tanis Na Kallo Ne, Littafi Da Dutse Kuwa Na Kowa Ne

A shekarar 2024 jami'ar Dartmouth ta Amurka ta gayyaci Roger Federer ya yi wa ɗalibai jawabi ranar bikin yaye su. Ya shaida musu cewa a wasanni 1,526 da ya buga shi kaɗai a rayuwarsa ta ƙwararren ɗan tanis, ya ci kusan kashi 80 cikin ɗari. Amma da aka ƙirga makin da aka fafata a kai ɗaya bayan ɗaya, kashi 54 kacal ya samu. Wato mutumin da ya ɗauki manyan kofuna 20 yakan faɗi a kusan rabin duk ƙwallon da aka buga da shi. A ganina wannan lissafi ya fi kofunan nasa amfani ga mai kallo, domin yana nuna cewa gwani ma faɗuwa yake yi kullum, abin da ya raba shi da saura shi ne saurin mantawa da komawa bakin aiki.

Manyan gasannin tanis huɗu ne a shekara: ta Ostireliya a Melbon cikin Janairu, ta Faransa a Paris a kan jar ƙasa, ta Wimbledon a Landan a kan ciyawa, wadda aka fara tun 1877, sai ta Amurka a New York. 'Yan wasa 128 ke shiga kowace, kuma sai mutum ya ka da bakwai a jere kafin ya ɗaga kofi. Tsarin ƙirga makin yana da ban haushi, don ba yawan maki ke ba da nasara ba, sai cin makin da ya dace a lokacin da ya dace. A wasan ƙarshe na Wimbledon na 2019 Federer ya fi Novak Djokovic yawan maki, har sau biyu ya rage masa ƙwallo ɗaya ya ɗauki kofin, amma Djokovic ne ya tafi gida da shi.

Abin da ke burge ni a wasan shi ne kaɗaici. Ɗan ƙwallon ƙafa idan ya gaji sai a canza shi, idan ya yi kuskure akwai mutum goma da za su rufa masa asiri. Ɗan tanis ba shi da wannan gata. Ka lura da shi lokacin da zai fara bugu: ya goge gumi, ya karɓi ƙwallaye uku ya duba, ya mayar da ɗaya, ya soka ɗaya a aljihu, ya dunga tambara ta ukun a ƙasa, agogo na ƙirga masa daƙiƙa 25. A wannan ɗan taƙin zai haɗiye takaicin makin da ya wuce. A 2010 John Isner da Nicolas Mahut sun shafe awa 11 da minti 5 suna wannan hali, wasa ɗaya ya ci kwana uku, zubin ƙarshe ya tashi 70 da 68.

Sai dai masu kallo da yawa kallon kitse suke wa rogo. Wanda ya ci Wimbledon a 2025 ya karɓi fam miliyan 3, amma ɗan tanis ba shi da albashi. Shi zai biya koci, shi zai sayi tikitin jirgi, shi zai kama ɗaki, kuma makon da aka fitar da shi a zagayen farko a ƙaramar gasa, abin da zai samu ba lallai ya rufe kuɗin tafiya ba. Saboda haka iyalin da ba su da hali da wuya su kai yaro wannan matsayi, komai baiwarsa.

Wannan ɓangare talabijin ba ta nuna shi, littafi ne ke nunawa. Andre Agassi, mai manyan kofuna 8, ya fitar da tarihin rayuwarsa mai suna Open a 2009, inda ya faɗa ƙarara cewa ya tsani tanis. Yana ɗan shekara bakwai mahaifinsa, tsohon ɗan dambe daga Iran, ya haɗa wani inji a bayan gidansu a Las Vegas da ke harbo masa ƙwallo, ya kuma ɗora masa bugun 2,500 a kullum. A 1997 Agassi ya zame har lamba ta 141 a duniya, ya koma buga ƙananan gasanni, bayan shekara biyu ya ci gasar Faransa ya dawo na ɗaya. Uban da ke tilasta wa ɗansa sana'ar da shi ya zaɓa masa ya kamata ya karanta wannan littafi. Shi kuwa Arthur Ashe, baƙar fatar da ya ci Wimbledon a 1975, ciwon zuciya ne ya raba shi da fili, sai ya kama alƙalami. A 1988 ya fitar da tarihin baƙaƙen 'yan wasan Amurka cikin mujalladi uku. Ƙarfin jiki yana da wa'adi, ilimi kuwa yana bin mutum har tsufa.

Bayan tanis da littafi, hawan tsauni da ƙafa shi ne na uku, kuma shi na fi so, don babu abokin gaba, babu alƙali, babu kofi. A Birtaniya al'ada ce mai tsohon tarihi. Tun 1891 Hugh Munro ya jera tsaunukan Scotland da suka haura ƙafa 3,000, yau adadinsu 282, mafi tsawonsu Ben Nevis mai mita 1,345, kuma akwai masu shafe shekaru suna bin su ɗaya bayan ɗaya. Alfred Wainwright, ma'ajin hukumar garin Kendal, shi ya haɗa hawan dutse da littafi. Ya yi shekara 13 yana zaga duwatsun yankin tafkuna na arewacin Ingila, da dare ya zauna da alƙalami da tawada yana zana taswira da hanyoyi. Littattafai bakwai ya fitar tsakanin 1955 da 1966 a kan duwatsu 214, aka buga su da rubutun hannunsa yadda yake, har yau kuma masu hawa na tafiya da su a jaka.

Wanda ya taɓa hawa ya san ƙa'idar. Mai gaggawa shi ke fara zama yana haki. Taku gajere ake yi, a sha ruwa tun ƙishi bai zo ba, kuma sau da yawa abin da ka ɗauka ƙololuwa ce, da ka isa sai ka ga wani tudu a bayansa. Saukowa ta fi hawa haɗari, don gwiwa ta gaji, tsakuwa na zamewa a ƙarƙashin takalmi. Haka karatun babban littafi yake, shafi goma a kullum ya fi ɗari a dare ɗaya sannan a jefar.

Mu ma Allah bai hana mu duwatsu ba. Ga Dala da Gwauron Dutse a Kano, ga Kufena a Zariya, ga duwatsun Shere a Jos. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, kuma hawa biyu ko uku da sassafe za su taimaka wajen cika wannan. A tafi da abokin tafiya, a sanar da gida, a tabbatar da lafiyar wurin, mai ciwon zuciya kuma ya fara neman shawarar likita.

Ɗan'uwa, kalli tanis ka more, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wimbledon sai mai rabo. Littafi da dutse kuwa babu wanda ya hana ka, don haka wannan makon ka ɗauki littafi ɗaya, ka ɗaura takalminka ka hau tudun da ya fi kusa da kai.