3.3 Siffanta Cikin Fada a Labarin Almara: Zauren Theoden da Zauren Denethor

Kamar yadda aka yi bayani a sashen da ya gabata, labarin almara shi ne ƙagaggen labarin da marubuci kan ƙirƙiro masa duniyarsa ta daban, da ƙasashenta da sarakunanta da abubuwan al'ajabinta. A irin wannan labari da wuya a rasa fada, wato gidan sarki mai ganuwa da hasumiya, inda ake yanke shawarar yaƙi ko ake ƙulla makirci. Matsalar marubuci ita ce wannan fada babu ita a ko'ina, saboda haka mai karatu ba zai ga komai a cikinta ba sai abin da aka nuna masa da kalmomi. Hanya mafi sauƙi ita ce a jero kayan alatu, a ce ga zinariya, ga azurfa, ga lu'ulu'u, ga dardumai. Irin wannan jeri yakan nuna arziki, amma sai a gama karantawa ba a san inda ƙofa take ba, balle a san halin wanda ke mulki a ciki.

A wannan sashe za a duba yadda J.R.R. Tolkien ya ɓullo wa al'amarin a littafinsa The Lord of the Rings, wanda ya fito kashi uku tsakanin 1954 da 1955. An zaɓi zaurukan sarauta biyu daga cikinsa. Na farko shi ne Meduseld, zauren Sarki Theoden na ƙasar Rohan, wanda ke cikin kashi na biyu. Na biyu kuwa shi ne zauren birnin Minas Tirith na ƙasar Gondor, wanda ke cikin kashi na uku. Abin da ake son nunawa shi ne, a wurin wannan marubuci tsarin ɗaki shi ke fara ba da labarin mulkin da ke cikinsa, tun kafin mai mulkin ya buɗe baki.

3.3.1 Hanyar Shiga

A duka wuraren biyu Tolkien bai jefa mai karatu tsakiyar zaure kai tsaye ba. Ya haɗa shi da baƙi ne, suka bi hanya tare. A Rohan, Gandalf da abokan tafiyarsa uku sun fara cin karo da masu gadin ƙofar gari, sa'an nan suka hau tudu zuwa bakin zauren, inda mai tsaron ƙofa, Hama, ya ce kowa ya ajiye makaminsa. Aka jingine takobi da baka da gatari a jikin bango. Gardama ta tsaya a kan sandar Gandalf, wanda ya nuna cewa shi tsoho ne mai dogarawa, har Hama ya bar shi ya shiga da ita. Wannan sanda ce daga baya ya yi aiki da ita a gaban sarki. Ke nan, dokar ƙofa ita kanta wani ɓangare ce na zubin labarin.

A Minas Tirith hanyar ta fi tsawo. Birnin hawa bakwai ne, kowane hawa da ganuwarsa da ƙofarsa, kuma ƙofofin ba su daidaita a layi ɗaya ba, sai mai hawa ya yi ta karkatawa dama da hagu. A hawa na bakwai akwai fili mai maɓuɓɓugar ruwa, da wata matacciyar bishiya da aka bari a tsaye ana gadinta. Daga nan sai doguwar baranda, sai ƙofar ƙarfe. Wanda ya san fadar Hausa ba zai yi mamakin wannan tsari ba, domin a can ma baƙo kan ratsa zaure bayan zaure, ya tuɓe takalmi, kafin ya isa gaban sarki. Yawan ƙofofin da ke tsakanin talaka da sarki shi ne ma'aunin nisan da ke tsakaninsu.

3.3.2 Zauren Meduseld

Da aka shiga Meduseld, abin da aka fara ambata shi ne duhu da ɗumi, domin baƙin sun fito ne daga hasken rana da iskar tudu. Sai da idanunsu suka saba kafin abubuwa suka fara bayyana ɗaya bayan ɗaya: manyan ginshiƙai masu sassaƙa, daɓen duwatsu masu launi iri-iri, da saƙaƙƙun ƙyallaye rataye a bango ɗauke da hotunan mazan jiya. Wannan dabara ce mai kyau. Marubucin bai ba da bayani duka a lokaci guda ba, ya bi yadda idon ɗan Adam ke aiki idan ya shiga ɗaki mai duhu.

Haske kaɗan ne ke shigowa ta tagogin da ke can sama, da kuma wata kafa a rufi wadda hayaƙi ke fita ta cikinta. A tsakiyar zauren akwai dogon murhu da wuta ke ci. Daga cikin ƙyallayen bango, yawancinsu sun dushe saboda tsufa, amma hasken rana ya faɗa kan guda ɗaya, mai hoton wani saurayi a kan farin doki yana busa ƙaho. Wannan shi ne Eorl, wanda ya kafa sarautar Rohan. Bayan an wuce murhu sai dakali mai matakai uku, da kujera mai ruwan zinariya, a kanta kuwa ga wani tsoho da ya ranƙwafe. Wata mace sanye da farare, Eowyn, tana tsaye a bayan kujerar. A kan matakan, dab da ƙafar sarki, ga bafadensa Grima a zaune.

Idan aka lura, an ɗora hoton kaka matashi a kan doki da hoton jika tsoho a kan kujera a cikin ɗaki ɗaya, an bar mai karatu ya kwatanta da kansa. Haka kuma wurin zaman Grima ya isa bayani: duk wanda zai yi magana da sarki sai maganarsa ta bi ta kansa. Da Gandalf ya karya ƙarfin wannan bafade, abin da ya fara yi shi ne ya ja sarki zuwa ƙofa, aka buɗe ta, iska ta shigo, Theoden ya ga ƙasarsa shimfiɗe a gabansa. Duhun da aka siffanta tun farko shi ne ciwon, buɗe ƙofa kuma shi ne maganin.

Wannan zaure yana da tushe a tarihi. Tolkien ya riƙe kujerar farfesan tsohon Ingilishi a Jami'ar Oxford daga 1925 zuwa 1945, kuma ya yi fice a nazarin tsohuwar waƙar nan ta jarumta mai suna Beowulf. A cikin waƙar akwai zauren Sarki Hrothgar mai suna Heorot, inda shi ma baƙi sai da suka bar masu da garkuwoyi a waje kafin su shiga. Kalmar Meduseld ita kanta daga tsohon Ingilishi take, ma'anarta zauren shan giyar zuma. Masu tonon kayan tarihi sun gano gurbin irin waɗannan zauruka na katako a Yeavering da ke arewacin Ingila, na ƙarni na 7, wasu tsawonsu ya haura mita 20. Murhun tsakiyar ɗaki kuwa ya daɗe ana amfani da shi. Akwai shi a babban zauren Penshurst Place da aka gina a 1341 a yankin Kent. Amfanin wannan tushe shi ne sassan ginin suna riƙe da juna. Tun da wuta tana tsakiya, dole hayaƙi ya sami mafita a rufi; tun da tagogi suna sama, dole ƙasa ta yi duhu. Mai karatu ko bai san tarihin ba yakan ji cewa ana iya zama a ɗakin.

3.3.3 Zauren Minas Tirith

A nan an ga komai ne ta idon Pippin, ɗan ƙaramin halitta daga ƙauye wanda bai taɓa shiga babban birni ba. Zaɓen wannan ido ya ƙara wa wurin girma da kwarjini. Ƙofa ta buɗe ba tare da an ga wanda ya buɗe ta ba. Ginshiƙan na baƙin dutsen marmara ne, kowane guda ɗaya tun daga ƙasa har sama. Tsakaninsu akwai mutum-mutumin sarakunan da suka shuɗe, na dutse, a tsaye shiru.

Abin da ya fi jan hankali a wannan siffantawa shi ne ambaton abubuwan da babu. Marubucin ya faɗa ƙarara cewa ba a ganin ƙyalle ko saƙa ko wani abu na katako a zauren. Wannan bayani ba zai yi tasiri ba in da mai karatu bai riga ya shiga Meduseld ba, inda katako da saƙa da wuta suka cika wuri. Wato zaure na farko shi ne ma'aunin na biyu. A Rohan ana tuna kakanni da zare da launi, a Gondor kuwa da dutse mai sanyi.

A ƙarshen zauren akwai dakali mai matakai da yawa, a samansa karagar mulki ƙarƙashin rumfar marmara mai siffar kwalkwali da kambi, a bayanta kuma an sassaƙa bishiya mai fure an yi mata ado da duwatsu masu daraja. Amma babu kowa a kan karagar. A mataki na ƙasa an ajiye baƙar kujerar dutse wadda ba ta da ado, a kanta Denethor yake zaune, da farar sanda a hannu, da tsagaggen ƙahon ɗansa Boromir a cinyarsa. Bisa lissafin shekarun labarin, Gondor ta yi shekara 969 ba sarki, masu riƙon ƙwarya ne ke mulki, kuma Denethor shi ne na 26 a cikinsu. Duk wannan tarihi an taƙaita shi a cikin kujeru biyu, ɗaya a sama ba kowa, ɗaya a ƙasa da mutum. Ana iya cewa nan ne gwanintar marubucin ta fi fitowa, domin kujerar ƙasan tana nuna tawali'u a zahiri, alhali mai zama a kanta mutum ne mai girman kai wanda ba ya fatan wani ya zo ya hau ta saman.

Bugu da ƙari, zauren ya yi kama da hubbare tun kafin a yi maganar mutuwa. Saboda haka lokacin da Denethor ya yanke ƙauna, ya sa aka ɗauki ɗansa Faramir zuwa maƙabartar masu mulki, ya kuma ƙona kansa a can, mai karatu ba ya jin an yi masa ba-zata. Mutumin ya daɗe yana zaune a tsakanin matattu.

Sai dai fada ba zauren sarki kaɗai ba ce. Bayan ganawar, wani dogari mai suna Beregond ya kai Pippin ɗakin ajiyar abincin dakaru, inda aka miƙo musu burodi da man shanu da cuku da tuffa ta wata 'yar taga. Wannan ɗan bayani ya nuna cewa akwai masu ci da sha a bayan duwatsun nan, kuma abinci ya fara zama abin lissafi saboda yaƙin da ke tafe. Duk da haka Tolkien bai cika tsayawa a irin waɗannan wurare ba. Mervyn Peake ya fi shi a wannan fanni, domin a littafinsa Titus Groan na 1946 tun a farkon labari ya sauka da mai karatu babban madafin fadar Gormenghast, cikin zafi da maiƙo da hayaniyar barori.

3.3.4 Matsayin Kayan Alatu

Bayanin da ya gabata ba ya nufin cewa ambaton zinariya da lu'ulu'u aibi ne a kowane hali. Labarin Alauddin da fitilarsa, wanda Antoine Galland ya ji daga bakin Hanna Diyab mutumin Halab a birnin Paris a 1709, ya kuma shigar da shi cikin fassararsa ta Dare Dubu da Ɗaya, ya isa misali. Fadar da aljani ya gina wa Alauddin a dare ɗaya tana da babban ɗaki mai ƙubba, bangonsa zinariya da azurfa, da tagogi 24 da aka yi wa ado da duwatsu masu daraja. In da a nan aka tsaya, da jeri ne kawai. Amma Alauddin ya umarci a bar taga ɗaya ba a ƙarasa ba. Sarki ya ɗauki alkawarin ƙarasa ta, ya tara maƙeran zinariya, suka yi wata guda suna aiki da duwatsun taskarsa, ba su kai ko rabi ba. Ta wannan taga guda aka auna darajar sauran 23, aka kuma nuna cewa dukiyar sarki ba ta kama ƙafar ta surukinsa ba.

Ƙubbar ɗakin ita ma ta yi aiki daga baya. Ƙanin matsafin da Alauddin ya kashe ya shigo fadar cikin shigar wata mata mai ibada, ya gaya wa gimbiya cewa abu ɗaya ya rage wa ɗakin, wato a rataye ƙwan ƙaton tsuntsun nan da Larabawa ke kira rukh a tsakiyar ƙubba. Da Alauddin ya nemi haka, aljanin fitila ya fusata ƙwarai, kuma a cikin fushin nasa ne ya tona asirin baƙon da ke ɓoye a gidan.