Kwanan Hanya Tsakanin Jibiya da Maraɗi: Sauro da Mai Keke

Yau maganarmu kan masu fatauci da keke ce, waɗanda ke cin kasuwar Jibiya ran Lahadi, su ɗaura kaya a kariya, su bi ta Magama su tsallaka Ɗan Isa don su riski kasuwar Maraɗi ran Litinin. Tsakanin kasuwannin nan biyu akwai dare guda, kuma a daren nan ake yin hasara.

Muddin mutum na bisa keke yana tuƙi, sauro bai cika samun sa ba. Sai ya sauka ya shimfiɗa tabarma, gajiya ta kwashe shi. Macen sauro mai kawo zazzaɓi daga magariba zuwa asuba take cizo, ga hanyar kuwa kusa da ruwa take: Gulbin Maraɗi, da dam ɗin Jibiya, da tafkin Madarumfa, da kududdufan damina. Zazzaɓin ba ya tashi nan take, yakan ɗauki kwana 10 zuwa 15. Wato cizon watan Satumba shi ke kwantar da mutum daidai lokacin da sabon gero da wake da aya suka fara shigowa kasuwa. Dillalin da ya yi mako guda kwance a kaka ya san abin da ya wuce shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin nan a duniya a Nijeriya suke.

To, gidan sauro mai magani shi ne gaba da kome, nauyinsa bai kai na mudun gero ba. Keken kansa ya isa turke. A jingina shi da bango ko itace, a ɗaura igiya ɗaya a kan keke, ɗaya a kariya, sauran biyu a reshe ko ƙusa, sannan a cusa bakin gidan ƙarƙashin tabarma ta ko'ina. Kada gwiwa ko hannu ya jingina da ragar, don sauro na cizo ta cikinta. In ta huje a ɗinke tun da rana. Sabo a shanya shi a inuwa kwana guda kafin a shiga, in an wanke ma inuwa, don rana na kashe maganin. Yakan yi shekara 3.

Kafin a kwanta, lokacin alwala da cin tuwo da lissafi, a sa doguwar riga da safa, a shafa man sauro irin su Odomos a ƙafa da wuya da hannu. Gumi na wanke shi, sai a sake. Hayaƙin ganyen bedi na korar su, amma da wutar ta mutu sun dawo. Igiyar leƙo kuwa, wanda ke ɗauke da jarkar fetur ko kananzir kada ya ko kusance ta. Fiya-fiya da Sniper guba ne, ba a shafa su a jiki, ba a fesa su kusa da buhun abinci.

Wurin kwana a zaɓi tudu mai iska, nesa da ruwa da garken shanu, inda kaska take. Kuma cikin gari, wurin mutane, don hanyar nan ta sha fama da 'yan bindiga. Tabarmar haya a tasha sau da yawa da kuɗin cizo take zuwa, gara taka. Da asuba a kakkaɓe takalmi saboda kunama.

Wanda ya dawo ya ji ciwon kai da sanyi, ya je a gwada jininsa ran nan. Tun 2005 Nijeriya ta bar kulorokwin ta koma maganin ACT, na kwana 3 ne, a shanye shi duka ko da jiki ya yi sauƙi a rana ta biyu.