Kaza Daga Yanka Zuwa Tukunya

Uwargida, ki sani hanjin kaza yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa zawo, ko da lafiyayya ce. Ido ba ya ganinsu. In kin gama figa da gyara, ki wanke hannu da wuƙa da sabulu kafin ki ba jariri nono ko ki dama fura. Ruwan wankin kuwa a zubar nesa da rijiya. Ki dafa sai naman jikin ƙashi ya bar ja.

Maigida, kazar da ta kwanta, kada ka yi maza ka yanka wai gudun mushe, yadda muka saba a Kunci da hunturu. Murar tsuntsaye da ta shigo Kano a 2006 tana kama mutum. Ka binne ta da zurfi, inda kare ba zai tono ba.