Zakaran Gidanku Ya Fara Bin Yara?

A gidaje da yawa, idan zakara ya bi yaro da gudu sai a yi ta dariya, har a zuga yaron ya koma ya tsokane shi. Wasan nan na da haɗari. Yaro ɗan shekara biyu ko uku, fuskarsa daidai take da inda zakara ke kai tsalle, kuma tsinin nan na bayan ƙafarsa yana huda fata, yana iya taɓa ido.

Zakara ba ya tashi da faɗa tun yana ɗan tsako. Sai ya kai wata 4 zuwa 6, lokacin da ya balaga ya fara cara, sannan halinsa ke fitowa. Daga nan ya ɗauki tsakar gida a matsayin gonarsa, kaji kuma iyalinsa. In ka lura, nagari in ya tsinci tsaba ba ya haɗiyewa, sai ya riƙa ɗauka yana yarwa yana kiran kaji su zo su ci. Kukan da yake yi in ya hango shaho daban, na muzuru daban, kuma kajin sun san bambancin. Ko carar asuba akwai tsari a cikinta: masana a Jami'ar Nagoya ta Japan sun nuna a 2015 cewa shugaban zakaru ne ke fara cara, sauran su bi baya gwargwadon matsayinsu. Ashe su ma sun san gaba da na baya.

Wannan kishin ne, in ya yi yawa, ke juyawa kan mutane. Kuma galibi ba ya kai hari ba sanarwa. Zai taho a karkace, ya saki fiffike ɗaya ƙasa, gashin wuyansa ya miƙe, yana tsattsagar ƙasa yana kallonka da ido guda. Ka ga haka, ɗauke yaro. Kai kuma kada ka gudu, kada ka shure shi. Duka ba ya gyara zakara, ƙara masa tsaurin ido yake yi.

Sau da yawa laifin na mai kiwo ne. Zakara ɗaya ya ishi kaji 8 zuwa 10. In ka tara zakaru uku a kan kaji biyar, sai faɗa kullum, bayan kajin ya tsige, ƙwai ya ragu. Mai son ƙwan ci kawai ma ba ya buƙatar zakara, kaza na yin ƙwai ba shi. Sai dai ƙwan ba ya ƙyanƙyashewa.

Idan zakara ya ji wa wani ciwo, a wanke wurin da ruwa da sabulu nan take, kada a barbaɗa toka ko ƙasa. In hujin ya yi zurfi ko kusa da ido ne, a tafi asibiti, a tambayi allurar tetanus, domin ƙafar zakara kullum cikin kashi take.

Iyaye mata, ku ne a gida da yara. Zakaran da ya kai wa yaro hari sau biyu, a rufe shi a akurki har ranar da za a yi baƙo, ya shiga tukunya.