Kafin Ka Biya Kuɗin Gida

'Yan'uwa, sau da yawa rigimar gida a ƙauyukanmu daga cinikin baka take farawa. Mai sayarwa ya rasu, shaidu sun watse, sai magada su taso su ce ba su san da zancen ba.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a Nijeriya amana a hannun gwamna. Ke nan abin da kake saye shi ne ginin da kuma izinin zama a filin. Idan gidan yana da takardar mallaka daga gwamnatin jiha, sai gwamna ya amince kafin ya koma sunanka. Filin gargajiya a karkara kuwa, amincewar ƙaramar hukuma ake nema.

In gidan gado ne, kada ka yi ciniki da mutum ɗaya. Sai babban gidan da manyan magada sun yarda, in ba haka ba kotu tana iya rushe cinikin.

A rubuta yarjejeniya da sunaye, kuɗi, iyakoki da kwanan wata. Mai unguwa da maƙwabta su sa hannu kafin kuɗi su fita. Ka ajiye takardar da kwafinta a wurare dabam-dabam, saboda gara ko gobara.