Ƙaiƙayin Matsematsi da Baƙin Hammata: Ina Gaskiya, Ina Ƙarya?

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, har zuwa tsakiyar damina da iska ke cika da danshi, akwai larurar da ke addabar jama'a amma ba a jin ta a majalisa. Ƙaiƙayi ne a matsematsi, ko hammata, ko ƙarƙashin mama, ko ƙasan tumbi. Wurin ya yi ta cin mutum, sannu a hankali fatar ta rine ta yi baƙi. Mai ciwon kai a gaban kowa yake faɗa, in wani ya ba shi gurguwar shawara wani ya gyara. Mai wannan kuwa sai susa a ɓoye, sai tambayar aboki da raɗa, sai tsayawa nesa da motar mai maganin gargajiya ana sauraren lasifika kamar ba da shi ake ba. Zancen da ake yi da raɗa ba ya samun mai gyara shi, shi ya sa ƙarya ta yi kaka-gida a wannan fage.

"Ai duk sanyi ne"

Wannan ce uwar jita-jitar, kuma ƙarya ce. Cututtuka daban-daban ne ke zama a lungunan jiki, kowace da maganinta. Wanda ya fi yawa a maza fangas ne, ɗan'uwan makeron da ke cin kan yara. Daga lungun cinya yake tashi ya yi ta faɗaɗa, bakinsa a ɗan tashe yana ɓare-ɓare, tsakiyar ta lafa ta yi duhu, kuma yawanci ba ya hawa fatar maraina. Akwai wani fangas ɗin, kandida, mai son inda yake a jiƙe kullum, kamar ƙarƙashin mama da ninkin ciki: wurin ya saɓule, ya riƙa zafi, da ƙananan ƙuraje warwatse a gefe. Akwai na bakteriya, wanda likitoci ke kira eritirasma, tabo ne shimfiɗaɗɗe ruwan ƙasa, ƙaiƙayinsa kaɗan, in an haska shi da wata fitila ta musamman a asibiti sai ya yi ƙyallin ja. Ga kirci, ga fatar da sabulu ko turare ya ƙona, ga ƙazuwa, wadda ake ganewa da tsananin ƙaiƙayin dare, da ƙuraje tsakanin yatsun hannu, da yadda take bin gida kaf. Jarka ɗaya ta tsimi ba ta isa ta yi maganin waɗannan duka ba.

Haka zancen tururin masai, da mata da yawa suka yi imani shi ke kawo musu ƙaiƙayi. Fangas ba ya tashi a tururi. Hanyarsa fata da fata ce, sai tawul, soso, kamfai da zanin gado da ake tarayya a kansu, shi ya sa yake yawa a makarantun kwana da bariki. Sau da yawa ma daga jikin mutum yake fitowa. Mai cin ruwa tsakanin yatsun ƙafa in ya zura wando, ƙafar ce ke fara bi ta ciki, ta bar wa matsematsi iri. A warkar da sama a bar ƙafa, gobe ya dawo.

Ma'aurata kuma su sassauta zargi. Gaskiya ne miji na iya shafa wa mata, mata na iya shafa wa miji, amma makeron matsematsi ba shaida ba ce cewa wani ya yi ta'asa a waje. Yaron da bai san komai ba yana kamuwa. Inda ake fitar ruwa mai wari, ko gyambo a gaba, ko zafin fitsari, wannan wani babi ne daban, asibiti yake buƙata ba tare da jinkiri ba.

"Man nan uku-a-ɗaya, kwana biyu ka manta"

A nan aka fi yin ɓarna, don wannan ƙaryar tana tafe da shaida a hannu. Magidanci ya shiga kemis bayan isha, ya jira mutane su ragu, ya sunkuyo ya ce, "Ɗan samari, a ba ni man ƙaiƙayi, na wani yarona ne." Yaron kanti bai ga wurin ba, bai kuma tambaya ba. Ya miƙo kwali ya ce, "Alhaji, wannan ba ya wasa, uku ne a haɗe." Alhaji ya shafa, daren nan ya yi barci. Kwana uku ƙaiƙayi ya ɗauke, ya ajiye man. Bayan mako biyu abin ya dawo ya fi da faɗi, ya sake saye. Haka za a yi ta yi har shekara.

A juya kwalin a karanta. Irin waɗannan mayuka, su Funbact-A da Skineal da makamantansu, sun haɗa maganin fangas, da maganin bakteriya, da na ukun da ke yin abin mamakin, wato sitiroyid mai ƙarfi, betamethasone ko clobetasol. Sitiroyid ba ya kashe fangas. Abin da yake yi shi ne ya danne garkuwar fata, wadda faɗanta da cutar ne ke jawo ja da ƙaiƙayi. Ɗaure kare ne don a huta da haushi, alhali ɓarawo yana tsakar gida. Fangas ɗin ya samu sarari ya bazu zuwa ɗuwawu da mara da ciki, bakinsa mai iyaka ya ɓace, har likita ma ya sha wuyar gane shi.

Ba a nan ta tsaya ba. Fatar lungunan jiki siririya ce, a rufe take, tana shan magani fiye da ta hannu ko ta baya. Watanni kaɗan na shafa clobetasol a matsematsi sun isa su sa fatar ta yi laushi ta riƙa tsagewa, nankarwa mai faɗi ta keto a cinya da hammata. Ƙaiƙayi yana warkewa, baƙi yana washewa, amma nankarwar sitiroyid in ta fito ta zauna ke nan. Waɗannan magunguna suna da amfaninsu a hannun likita, ga kirci da wasu cututtukan, na ɗan lokaci ƙayyadadde. Matsalar sayar da su ne ga duk wanda ya ce yana susa.

Wanda ke ganin ƙaramin abu ne ya dubi Indiya, inda aka shafe shekaru ana sayar da irin wannan haɗi barkatai. Likitocin fata a can sun wayi gari da annobar makero mai taurin kai, da wani nau'in fangas da aka raɗa wa suna Trichophyton indotineae a 2020, wanda sau da yawa ba ya jin terbinafine, ɗaya daga cikin magungunan da aka fi dogara da su. Ya riga ya tsallaka teku, don a 2023 hukumar CDC ta Amurka ta ba da rahoton samunsa a birnin New York. Abin da ya haife shi a can, yana jere a kantocinmu.

"Dauɗa ce, a dirje ta"

Ƙarya ce, kuma ita ce ke sa mata da yawa kuka. Tun farko, hammata da matsematsi da al'aura sun fi sauran jiki duhu a halittar kusan kowa, duhun kuma yana ƙaruwa da balaga da juna biyu. Wannan ba ciwo ba ne. Hotunan da masu tallan kayan gyaran jiki ke watsawa a Instagram da TikTok, na hammata fes launi ɗaya da fuska, ba ma'auni ba ne.

Baƙin da ke biyo bayan ƙaiƙayi kuwa, sawun ciwo ne. Baƙar fata in ta ji rauni ko ta kumbura, ƙwayoyin da ke sarrafa launi sukan ƙara aiki, su bar tabo bayan ciwon ya wuce. Launin a cikin fata yake, ba a samanta ba, don haka soso ba ya kai wa gare shi. Duk dirza sabon rauni ce, duk sabon rauni ƙarin baƙi ne. Haka lemun tsami da kanwa da man goge baki da ake cakuɗawa a shafa: ƙuna suke yi, ƙuna kuma tabo take bari. Susa ma haka, in ta daɗe fatar takan yi kauri ta yi baƙi ta ci gaba da ƙaiƙayi ko da cutar farko ta mutu. Reza marar kaifi a busasshiyar fata tana daga cikin masu laifi. Aske gaba da hammata tsafta ce da addini ya koyar, amma muddin wurin na ciwo, a rage gashin da almakashi har a warke.

Abin da ke washe wannan baƙi shi ne a kashe musabbabin a ƙyale fatar. Tana komawa daidai da kanta, sai dai a hankali, watanni shida ko shekara ba abin mamaki ba ne. Rashin haƙurin nan ne kasuwar masu haɗa man bilicin, waɗanda galibi sitiroyid da hydroquinone suke zubawa, wani lokacin har da sinadarin makuri mai lalata ƙoda. Hydroquinone in an daɗe ana shafa shi yana iya jawo wani baƙi mai shuɗi-shuɗi da ya fi na farko muni, kuma da wuya ya fita. Garin neman gira a rasa ido. Ghana ta hana kayan kwalliya masu hydroquinone a 2016, a Najeriya kuma NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023.

"Zaƙi ne ya yi maka yawa"

Tsofaffi sun kusa gaskiya a nan. Shan rake ko lemun kwalba yau ba ya sa ƙaiƙayi gobe. Amma mai ciwon suga da bai daidaita ba, fangas, musamman kandida, yana yawan damunsa, kuma wani lokacin ƙaiƙayin matsematsi da ya ƙi ji ya ƙi gani shi ne alamar farko. Akwai kuma baƙi mai kauri da taushi da ke fitowa a bayan wuya da hammata da matsematsi, yawanci babu ƙaiƙayi. Iyaye mata sukan kama wuyan yaro mai jiki su yi ta dirza da sabulun salo suna faɗan ƙazanta. Ba dauɗa ba ce. Alama ce cewa jiki ya fara ƙin jin insulin, sinadarin da ke daidaita suga, ana kuma ganinta a matan da al'adarsu ke rikicewa saboda matsalar ƙwan haihuwa. Maganinta gwajin suga, da rage ƙiba, da motsa jiki. In kuwa ta fito farat ɗaya a jikin dattijo yana kuma ramewa, a hanzarta ganin likita.

Sauran dabarun ba su cancanci dogon bayani ba. Man birki da ruwan batir da dakakkiyar tafarnuwa ƙona fata suke yi, raɗaɗin ba alamar magani na aiki ba ne. Tsiyaya Dettol a ruwan wanka kullum, ko gasa wurin da ruwan zafi, daɗin minti biyar ne da ƙarin kumburi. Kafso irin su ampiclox ba ya taɓa fangas, yana ma iya buɗe wa kandida hanya. Man kaɗe da basilin suna rage gugar cinya, amma ba sa kashe komai.

"Ba ya warkewa, sai dai ya lafa"

Yana warkewa sarai. Wanda ya ga alamun makero a matsematsi ya nemi man da maganin fangas ne zalla a cikinsa, ba haɗi ba: clotrimazole ko miconazole safe da yamma na mako 2 zuwa 4, ko terbinafine na mako 1 zuwa 2. A wanke wurin da ruwa da sabulu marar ƙarfi, a tsane shi sosai, a shafa har a zarce bakin tabon da kamar faɗin yatsa biyu, don cutar a gefe take da rai, ba a tsakiyar da ta yi baƙi ba. Bayan ƙaiƙayi ya ɗauke a ƙara mako guda ana shafawa. Yawancin masu cewa ba ya warkewa, a kwana na huɗu suka tsaya, sun kashe maciji ba su sare kansa ba. A haɗa da ƙafa in tana da cin ruwa. A lura kuma, nystatin na kandida ne kawai, ba ya aiki a kan makero.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Muna tsarki da ruwa sau da yawa a yini, abu ne mai kyau ƙwarai, amma akasari a jiƙe ake jan wando a fita. A watan Agusta, da kamfai na roba, da zama a kan babur ko kujerar mota tun safe, wurin ba ya bushewa har dare. Ɗan ƙyalle mai tsabta ko tishu na tsane jiki bayan tsarki yana yin aikin da magani mai tsada ba ya yi. A tsane tsakanin yatsun ƙafa bayan alwala kafin a sa safa. Kamfai na auduga, a sauya kullum, a shanya a rana ba a bayan ƙofar banɗaki ba, a bi shi da guga. Na gwanjo a wanke da ruwan zafi kafin a sa. Mai jego ta riƙa ɗaga mama tana tsane ƙarƙashinsa.

In an yi mako biyu ana shafa maganin da ya dace babu sauƙi, ko abin ya mamaye jiki, ko yana tsattsafo da ruwa ko mugunya, ko an daɗe ana shafa mai haɗe da sitiroyid, lokacin asibiti ya yi. Gwajin ba wahala: a ɗan kankaro ɓawon fatar a duba a na'ura, a auna suga, wani lokacin a yi gwajin HIV in cutar ta yi yawa fiye da kima. Mai yiwuwa a rubuta na sha, terbinafine ko itraconazole ko griseofulvin. Waɗannan ba na saye da ka ba ne, don suna iya taɓa hanta, suna karo da wasu magungunan, kuma mai juna biyu ba ta shan griseofulvin. Ƙwayar ketoconazole kuwa, wadda har yanzu ake miƙa wa masu ƙaiƙayi a wasu kantocin, tun 2013 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta dakatar da shan ta don cutar fangas, saboda illar da take yi wa hanta.