Pomada: Barasar da sojojin ruwan Birtaniya suka bar wa tsibirin Menorca

Duk ranakun 23 da 24 ga watan Yuni, garin Ciutadella da ke tsibirin Menorca na ƙasar Sifaniya kan cika maƙil domin bikin Sant Joan. Baƙaƙen dawaki na miƙewa kan ƙafafun baya a tsakiyar jama'a, mutane da dama kuma na riƙe da kofin barasar jin da aka gauraya da lemun tsami da ƙanƙara.

A Mahon, babban birnin tsibirin, sunan wannan haɗi "pomada".

Asalin jin ɗin na komawa ga shekarar 1708, lokacin da Birtaniya ta kama tsibirin. Sojojin ruwanta da suka cika tashar Mahon sun riƙa neman jin irin na gida, sai mutanen garin suka fara dafa nasu da barasar inabi da 'ya'yan itacen junifa. Birtaniya ta bar tsibirin a 1802, amma jin bai tafi ba.

Sai dai akwai haɗari. Jin ɗin Xoriguer, wanda ya fi shahara a can, kashi 38 cikin 100 nasa barasa ce zalla. Sanyi da zaƙin lemo kan ɓoye ƙarfinta, mai sha ba ya ankara sai ya bugu, ga shi kuma dab da kofaton doki.